Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa a darasin kabon da sarrafa abinci a jiki

Shekara da shekaru ina duba takardun ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, kuma kurakuran da nake ja wa layi ba su canza ba, sunayen masu yin su ne kawai suke canzawa.

Mafi muni shi ne ba wa kabon hannu biyar. Kowace ƙwayar zarra ta kabon hannu huɗu gare ta, wato haɗi huɗu take iya yi da wasu ƙwayoyin zarra, ko ta riƙe haidurojin huɗu kamar yadda yake a CH4, ko ta miƙa hannu biyu ga 'yar'uwarta ta riƙe haidurojin biyu da sauran, kamar yadda yake a C2H4. Ni kaina wannan kuskure ya ci ni a shekarata ta farko a jami'a, inda na zana sarƙar kabon shida, na sa haɗi biyu a tsakiya amma na manta ban rage haidurojin ba, sai malamin ya zagaye kabon ɗin da jan biro ya soke makin tambayar duka, bai ko duba bayanin da na cika shafi da shi ba. Na yi fushi a lokacin, amma yana da gaskiya, domin abin da na zana babu shi. Tun daga ranar ba na ajiye biro sai na ɗora bakinsa a kan kowane kabon na ƙirga hannayensa ɗaya bayan ɗaya, sannan na ɗiga masa alama. Wanda ya ce wannan ɓata lokaci ne, bai taɓa rasa maki a kansa ba.

Sai tambayar da nake gwada kowane sabon aji da ita: idan mutum ya rame, ina kitsen ya tafi? Wani ya ce ya zama ƙarfi, wani ya ce ya narke ya fita da gumi. Haba! Ɗalibin da ya haddace cewa gulukos, C6H12O6, yana haɗuwa da oksijin, O2, shida ya ba da CO2 (iskar da muke fitarwa a numfashi) shida da ruwa shida, ta yaya zai manta cewa ƙwayar zarra ba ta ɓacewa? Ƙarfin yana fitowa ne daga sauya haɗin sinadaran, amma kabon ɗin kitsen ta hanci yake fita a matsayin CO2, sauran nauyin kuma ruwa ne. Haka nan yawancin busasshen nauyin itacen kuka daga iska ya zo, ba daga ƙasa ba. Maganina a nan shi ne in hana ɗalibi ambaton ƙarfi har sai ya nuna mini inda kowane kabon ya shiga da inda ya fita.

Akwai ƙanana da ba sa buƙatar dogon bayani. Ba dole ne sinadarin kabon ya fito daga abu mai rai ba, tunda Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya, sinadarin da ake samu a fitsari, a ɗakin gwaji a Jamus a 1828. Gulukos da furuktos duk C6H12O6 ne, tsarin jerinsu ne ya bambanta. Enzayim, sinadarin da ke gaggauta sauyin sinadarai a jiki, ba ya ƙarewa a aikin da yake gaggautawa, kuma zafi ba kashe shi yake yi ba, lalata siffarsa yake yi. Oksijin da ganye ke fitarwa daga ruwa ya fito, ba daga CO2 ba. Tsofaffin littattafai suna cewa gulukos ɗaya yana ba da ATP (sinadarin da ke ɗauke da ƙarfi a ƙwayoyin jiki) 38, sababbi suna cewa 30 zuwa 32, don haka a duba wanda manhaja ta ɗauka.

Masu cewa tsiro da dare kawai yake ƙona abincinsa kuwa, na daina jayayya da su. Ina sa su jiƙa wake har ya fara tsirowa, su zuba shi a fulas tare da ma'aunin zafi, su toshe bakin da auduga, su riƙa duba ma'aunin da rana tsaka suna rubuta yadda yake hawa, domin zafin alama ce ta cewa waken yana ƙona abincinsa.