Idan `rm` ya cinye maka fayil a Linux

Daren da na buga `rm -r`, umarnin da ke goge folda da duk abin da ke cikinta, a kan foldar da na tara rubutun wata shida, hannuna har ya fara neman manhajar ceto da zan saka. Allah ya sa na dakata. Goge fayil ba ya share abin da ke cikinsa nan take, wurin kawai ake sakewa a ce babu mai shi. Duk abin da aka rubuta a faifan bayan haka, ko da manhajar ceton ce, yana iya hawa kansa ya binne shi.

Kafin ka kashe komai, leƙa kwandon shara, wato `~/.local/share/Trash/files`, idan da linzami ka goge. Sannan ka gwada `lsof | grep deleted`, wanda ke jero gogaggun fayilolin da har yanzu suke a buɗe. Muddin wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin a buɗe, yana nan da ransa. Daga abin da `lsof` ya nuna, ɗauki lambar aikin (PID) da lambar fd, wato lambar da manhajar ke riƙe da fayil ɗin da ita, ka kwafo shi zuwa wani faifai daban, misali `cp /proc/2314/fd/4 /mnt/filasha/babi3.odt`, inda 2314 ce lambar aikin, 4 kuma ta fd. Kar ka rufe manhajar sai ka gama.

In wannan bai yi ba, sauke ɓangaren faifan da `umount` don kada a ƙara rubuta komai a kansa. Idan a kansa tsarin yake gudana, kashe kwamfutar, ka tashe ta daga filasha mai Linux. Ni sai da na ɗauki cikakken kwafin faifan da `ddrescue`, duk gwaje-gwajena a kan kwafin na yi su, kuma ina roƙonka ka yi haka.

A tsarin fayil na ext4, wanda Linux da yawa ke amfani da shi, manhajar `extundelete` tana bin kundin da tsarin ke rubuta sauye-sauyensa a ciki, wato journal, tana iya dawo da fayil har da sunansa cikin foldar RECOVERED_FILES. Ni guda uku kacal ta ba ni. Sauran PhotoRec ne ya tono su, wanda ke zuwa tare da manhajar ceto ta TestDisk. Shi ba ruwansa da suna, alamar farkon kowane irin fayil yake nema, sai ya zuba maka dubbai a `recup_dir.1` da sunaye irin f0482136.odt. Shiga File Opt ka zaɓi nau'in da kake nema kaɗai. Ban yi haka ba da farko, na kwashe dare biyu ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Nawa faifan mai juyawa ne. Idan naka SSD ne, wato faifan da ba ya juyawa, ka hanzarta kashe shi, domin yawancin nau'o'in Linux suna gudanar da `fstrim` duk mako, umarnin da ke gaya wa SSD ya share wuraren da babu mai su, wato TRIM, kuma wurin da TRIM ya share, PhotoRec ma ba zai samu komai a ciki ba.