Yadda Ake Shirya Manhajar React Kafin a Sake Ta Ga Jama'a

Manhajar da ke tafiya sumul a kwamfutarka tana iya tsayawa cik a wayar mutumin da intanet ɗinsa ke ɗaukewa yana dawowa. Galibi ba React, wato kayan JavaScript da ake gina fuskar manhaja da shi, ne da laifi ba. Matsalar tana ɓuya ne tsakanin gini da ɗorawa a sabar, shi ya sa nan za mu fi daɗewa.

Fara da `npm create vite@latest`, wanda ke kafa sabon aiki da Vite, kayan harhaɗa kod, ka zaɓi React da TypeScript, wato JavaScript mai tantance nau'in bayanai. Rabu da tsofaffin darussan da ke koyar da Create React App, domin masu React sun yi masa ritaya a Fabrairun 2025. In shafin na kasuwanci ne ko na labarai, wanda ake so Google ya karanta abin da ke ciki, Next.js, tsarin da aka gina a kan React, ya fi dacewa, tun da yana harhaɗa shafi daga sabar. Kunna `strict` a saitin TypeScript tun ranar farko. Kunna shi bayan an tara fayil ɗari wahala ce zalla. Saka `package-lock.json` a Git, injin gini, wato kwamfutar da ke harhaɗa manhajar kafin saki, kuma ya riƙa amfani da `npm ci`, wanda ke girka daidai sigogin da aka rubuta.

Batun sirri shi ne ya fi ban tsoro. Duk wani saiti da sunansa ya fara da `VITE_`, Vite zai cusa shi cikin fayil ɗin da burauza ke saukewa, kowa na iya buɗewa ya karanta. Adireshin API ba komai. Amma makullin biyan kuɗi ko kalmar sirrin rumbun bayanai, wurinsu sabar, ba wani wuri ba. In makulli ya riga ya fita, goge shi daga kod bai wadatar ba, sai an soke shi an karɓi sabo. Shaidar shiga kuma ta fi tsira a kukis mai alamar `HttpOnly` da `Secure` fiye da `localStorage`, wanda duk wata muguwar JavaScript da ta kutso za ta iya kwashewa.

Wajen ɗauko bayanai, kowane allo yana da hali huɗu: ana jira, an samu, babu komai, an gamu da kuskure. Masu koyo na biyun kaɗai suke ginawa. Ga kuma wani tarko: mutum ya rubuta "li" a akwatin bincike, buƙata ta tafi; ya ƙarasa "littafi", wata ta bi ta. In amsar farko ta makara ta iso daga baya, sai ta danne ta biyun, allo ya nuna abin da ba a nema ba. A kwamfutarka da wuya ka gani, saboda amsa na dawowa nan take. Maganinsa a soke tsohuwar buƙata da `AbortController` a aikin sharar `useEffect`, ko a miƙa lamarin ga TanStack Query, kayan ɗauko bayanai, wanda ni na fi ba da shawara, don yana kula da ajiya da sake gwadawa. In ka ga `useEffect` na gudu sau biyu lokacin gwaji, aikin `StrictMode` ne, yana tona irin wannan sakaci ne. Kada ka cire shi. Sannan ka lulluɓe kowane babban sashe da `ErrorBoundary`, wanda ke cafke kuskure ya nuna saƙo a madadin sashen. Idan babu, kuskure ɗaya wajen zana allo zai bar mutum da farin shafi fayau.

Yanzu sai nauyi. Gudanar da `npm run build`. Idan wani guntu ya haura 500 kB, Vite zai yi gargaɗi, kuma gargaɗin gaskiya ne. Raba shafuka da `React.lazy` da `Suspense`, yadda mai buɗe shafin farko ba zai sauke kod ɗin sashen gudanarwa ba. Sanya wa kowane hoto `width` da `height` don kada rubutu ya riƙa tsalle. Ma'aunin Google uku ne: babban abin da ke allo ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, amsa taɓawa kada ta wuce milisakan 200, motsin shafi kada ya haura 0.1. Auna da Lighthouse, ma'aunin da ke cikin Chrome, a kan `npm run preview`, ba a kan `npm run dev` ba, ka kuma rage saurin intanet a kayan gwajin Chrome.

Ɗorawa ke nan, inda aka fi tuntuɓe. Ka kai `dist`, jakar fayilolin da `npm run build` ya samar, sabar, komai lafiya, sai wani ya sabunta shafi yana kan `/asusu`, ya ci karo da 404. Dalili kuwa, babu fayil mai wannan suna. React ne ya san hanyar, sabar ba ta sani ba. A manhajar sabar ta Nginx, gyaran layi ɗaya ne: `try_files $uri /index.html;`.

Ajiyar burauza ma tana da ƙa'ida biyu masu kishiyantar juna. Fayilolin `assets` sunansu na ɗauke da tambarin da ke canzawa duk lokacin da abin ciki ya canza, don haka a ba su `max-age=31536000, immutable`, wato shekara guda. `index.html` kuwa `no-cache`. In ka juya su, mutane za su maƙale a tsohuwar siga kana can kana mamaki.

Saura ɗaya da ba a cika ambata ba. Wani ya bar manhajar a buɗe tun safe, da rana ka saki sabuwar siga ka goge tsofaffin fayiloli. Ya danna wani shafi, burauzarsa ta nemi guntun da babu shi yanzu, allo ya mutu. Bar fayilolin sigar baya na 'yan kwanaki, ka kuma saurari `vite:preloadError` ka sa shafin ya sabunta kansa.

Kafin kowane saki, gwaje-gwaje uku ko huɗu na Playwright, kayan da ke sarrafa burauza da kansa, su bi hanyoyin da ba a yarda su lalace ba: shiga, cike fom, biyan kuɗi. Haɗa Sentry, mai tattara rahoton kurakurai, ko makamancinsa, ka tura masa taswirar kod daga injin gini, ta yadda rahoton kuskure zai nuna ainihin fayil da layi. Ajiye kwafin `dist` na sigar da ta gabata, ka gwada mayar da shi sau ɗaya tun kafin ranar da za ka buƙace shi.