Kafin ka sayi fom ɗin likitanci, zauna ka jera makarantunka

Duk shekara in lokacin sayen fom ya zo sai zaurenmu a Aboabo, nan Kumasi a Ghana, ya koma kamar ofis, yara 'yan sayans da suka gama WASSCE, jarabawar gama sakandare, su zo da iyayensu, wai tunda ina koyar da Kemistiri in duba musu. Kuma kusan kowa da magana ɗaya yake zuwa, "Malam ni dai Tek, likitanci." To Tek, wato jami'ar KNUST, ai kowa na so, a bakin ƙofarmu take, trotro ɗaya daga Kejetia ka sauka a Tek Jankshan, amma ka sani duk wani mai A1 daga Bolga har Takoradi shi ma can idonsa yake.

Ɗiyar yayata ce ta sa na daina wasa da wannan maganar. Agiriget 8 ta samu, wato jimlar makin WASSCE ɗinta, aka yi murna har aka dafa shinkafa aka raba wa maƙwabta, sai muka saya mata fom ɗin jami'a ɗaya tak saboda mamanta ta ce ba za ta yi nisa da gida ba, ni kuma na yi shiru. Ina tuna ta a kan tabarma bayan sallar isha'i, waya a hannu tana ta sabunta shafin admishan har caji ya ƙare, sunanta bai fito ba, kuma lokacin sauran makarantun duk sun rufe. Shekara guda ta yi tana auna wa mutane atamfa a shagon mamanta. Laifinmu ne mu manya, ba nata ba.

Farko dai ka lissafa agiriget ɗinka da gaskiya. Darussa shida ake haɗawa, uku na dole wato Turanci da lissafi da Intagireted Sayans, sai uku daga zaɓinka, Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, wasu makarantun kuma suna karɓar ilektib mas a madadin ɗaya daga ciki, shi ya sa dole ka karanta sharaɗin kowacce da idonka, kar ka dogara da abin da aka turo a guruf ɗin WhatsApp. A1 maki 1 ne, B2 maki 2, B3 maki 3, ƙaramar lamba ita ce mai kyau, 6 ita ce ƙololuwa. In kuma sakamako bai fito ba kana cikin masu jira, ɗauko makin mok ɗinka, jarabawar gwaji ta makaranta, ka yi aiki da shi yadda yake, ba yadda kake fata ba. Addu'a muna yi, amma raƙumin ma sai an ɗaure.

Makarantun gwamnati da suka daɗe suna yaye likitoci a Ghana guda biyar ne ya kamata ka fara sani. Akwai ta Legon da ɗalibanta ke koyon aiki a Korle Bu, ita ce babbar yaya, tun farkon shekarun 1960. Akwai tamu ta KNUST da aka buɗe a 1975, asibitinta Komfo Anokye, wato Gee. Akwai UDS a Tamale, da UCC a Cape Coast da ta fara ɗaukar ɗaliban likitanci a 2008, sai UHAS a Ho wadda ta fara karatu a 2012. Duk shekara shida ne, kuma duk wanda ya fito daga cikinsu hukuma ɗaya ce ke masa rajista, Medical and Dental Council, sannan kowa ya yi aikin horo na shekara biyu a asibiti. Mara lafiyan da ke kwance a gado ba zai tambaye ka ko a Ho ka yi karatu ko a Accra ba.

Yanzu ɗauki takarda ka raba su kashi uku. Na farko makarantar da kake mafarki, wadda ko da 6 ba ka da tabbas, don a Legon da Tek kotof ɗin likitanci, wato agiriget ɗin da ake tsayawa a kai wajen ɗauka, yakan tsaya ne tsakanin 6 zuwa wajen 8, kuma bayan maki akwai intabiyu, wani wurin har da jarabawar shiga, ga masu 6 ɗin ma sun fi kujerun yawa. Saka ɗaya a nan, in aljihu ya yarda biyu. Kashi na biyu su ne waɗanda makinka ya yi daidai da kotof ɗinsu na shekaru biyu ko uku da suka wuce, kuma nan ne ya kamata yawancin kuɗin fom ɗinka ya tafi. Ba wai Tamale ko Ho ko Cape Coast banza ba ne, a'a wallahi, can ma ana gwabzawa, amma kowacce da nata masu nema da nata intabiyu, wata shekarar a samu sassaucin maki ɗaya ko biyu, kuma ƙofa uku ta fi ƙofa ɗaya.

Bari in ɗan tsaya a kan Tamale don ina jin takaicin yadda yaran zango ke tsallake ta. Tafiyar awa shida zuwa bakwai ce a bas daga Kumasi, gari ne na Musulmi, masallaci ko'ina, tuwo da wake da shinkafa irin na gida, Hausa ma za ka ji a kasuwa. Uwar da ke tsoron 'yarta ta yi nisa, in da za ta je ta gani da hankalinta ya kwanta. Tsarin karatunsu kuma na zama ƙungiya-ƙungiya ne ana warware matsalar mara lafiya tare, wanda ya fi dacewa da wasu yaran a kan zaman lacca a babban aji.

Kashi na uku shi ne wanda mutane ba sa son ji. Kwas ɗin da za ka iya samu ko likitanci bai yiwu ba, kuma wanda in an ba ka za ka je da zuciya ɗaya. Famasi, aikin ido, kimiyyar lab, nas, ungozoma, mataimakin likita. Amma kar ka cika gurbin zaɓi na biyu da likitancin haƙori kana ganin ka yi dabara, shi ma zafinsa kusan ɗaya ne da likitanci. Kuma likitancin a zaɓi na farko ake sa shi, ba a cika waiwayar wanda ya ajiye shi a na biyu ba. Wanda ya yi digiri na sayans ya fito da sakamako mai kyau yana da wata ƙofar daga baya, shirin GEMP na masu digiri, a Legon shekara huɗu ne, sai dai akwai jarabawa kuma da tsada.

Maganar kuɗi a yi ta tun kafin a sayi bauca, wato lambar sirrin buɗe fom, a zauna da Baba ko kawu ko duk wanda zai biya. Ana iya ba ka gurbin fi-peyin, wato ka biya cikakken kuɗi, kuma ya ninka na gurbin gwamnati sau da yawa, haka masu zaman kansu irin Family Health a Teshie da Accra College of Medicine. Kar a lissafa shekarar farko kaɗai, a lissafa shida, da hostal da abinci da littattafai da kuɗin mota. Makarantar da gidanku ba zai iya ɗauka har ƙarshe ba, cire ta daga takardar ko da kana sonta, don fita a aji uku ya fi rashin shiga ciwo.

Masu kallon waje kuma, China ko Rasha ko Jojiya, kar ejan ya ruɗe ku da hoton gini. A tambayi Medical and Dental Council ko ta san makarantar, a duba sunanta a World Directory of Medical Schools, kuma a sani cewa in an dawo sai an ci jarabawar hukumar kafin a taɓa mara lafiya. Mun ga yadda yaƙin Yukren a 2022 ya dawo da yaranmu gida karatu a rataye.

Kowace jami'a da fom ɗinta da ranar rufewarta, rubuta ranakun a bango. Sayi bauca a banki ko gidan waya ko ta lambar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, da jami'ar ta sanar da kanta, ɗauki hoton lambar sirrin ka ajiye. Sunanka ya zama iri ɗaya a fom da takardar WAEC da Ghana Card, mu masu Mohammed da Muhammad da Abdul-wane mun fi kowa faɗawa wannan ramin. Lambar waya da imel kuma sa naka, ba na mai kafe ba, don ta nan kiran intabiyu zai zo.

Ita ɗiyar yayata da shekara ta zagayo fom huɗu muka saya mata, mamanta da kanta ta ƙirgo kuɗin daga cinikin shago. Biyu suka kira ta intabiyu, ɗaya ta ɗauke ta. Yanzu tana aji huɗu, in ta zo hutu da abin awon jini take zuwa, tsofaffin gidan su yi layi a tsakar gida kowa ya naɗe hannun riga.