Darasi na Tara: Yadda Ake Raba Sautin Jita Zuwa Dama da Hagu

Jitar lantarki waya ɗaya take fitarwa, kuma sautin da ke bin wannan waya guda ne tak, shi ake kira mono. Sitiriyo kuwa sauti biyu ne da suka ɗan bambanta da juna, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har mai sauraro ya ji kiɗan ya buɗe ya cika wuri. Wanda ya jona lasifika biyu da sauti ɗaya ƙara kawai ya samu, bai samu sitiriyo ba. Bambancin yana fitowa ne daga fedal, wato ƙaramar na'urar da makaɗi ke takawa da ƙafa don ƙawata sauti, musamman mai maimaita sauti, da mai amsa-kuwwa, da mai girgiza sauti wadda ake rubuta wa Chorus.

Kafin a jona komai, wajibi ne ɗalibi ya san cewa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sautin jita ƙarfi, kashi biyu ce a cikin akwati ɗaya. Sashen gaba shi ne yake karɓar raunanan sautin jita ya gyara shi, ya ƙara masa kauri ko kaifi, ya kuma ba shi gurnanin nan da makaɗa ke so. Sashen ƙarfi kuwa aikinsa ɗaya ne, ya ɗaga sautin har ya iya motsa lasifika. A tsakanin sassan biyu akwai ramuka biyu, galibi a bayan akwatin, ɗaya an rubuta masa Send, ma'ana aikawa, ɗaya kuma Return, ma'ana dawowa. Ku juya amfilifayarku ku nemo waɗannan kalmomi, ku kwafe su a littafinku har idonku ya saba da su, domin duk aikin yau a kansu yake.

Dalilin bi ta waɗannan ramuka shi ne tsabtar sauti. Idan aka sa fedal mai maimaitawa kafin sashen gaba, gurnani zai haɗiye asalin sautin da maimaicinsa gaba ɗaya, su cakuɗe kamar kunun da ya yi gudaji. Idan kuwa aka sa ta bayan sashen gaba, sautin ya riga ya nuna, sai fedal ta maimaita shi sarai, kowace amsa a rarrabe.

Ga yadda ake jonawa, kuma a yi shi duk na'urori suna kashe. Jita ta shiga ramin Input, ma'ana mashiga, na amfilifaya ta farko kamar kullum. Daga Send na wannan amfilifaya a ja waya zuwa mashigar fedal. Fedal ta sitiriyo tana da mafita biyu, ɗaya mai harafin L na hagu, ɗaya mai harafin R na dama. Wayar L ta koma Return na amfilifaya ta farko, wayar R kuma ta tafi Return na amfilifaya ta biyu. Da haka sashen gaba ɗaya ne yake ciyar da sassan ƙarfi biyu, saboda haka launin sautin dama da na hagu zai zo ɗaya. A kula, a wasu amfilifayoyi maɓallin ƙara na gaba ba ya aiki idan aka shigo ta Return, don haka a rage ƙarar jita da ta fedal kafin a kunna, sannan a ɗaga a hankali. Wanda amfilifayarsa ba ta da waɗannan ramuka sai ya sa fedal tsakanin jita da Input na amfilifaya biyu, kuma hakan yana kyau matuƙar sautin ba mai gurnani ba ne.

Akwai wani rami kuma da nake roƙon kowane ɗalibi ya kiyaye shi, wanda aka rubuta wa Speaker Out. Girmansa ɗaya ne da sauran, fulogi mai milimita 6.35 yana shiga cikinsa daidai, shi ya sa mutane ke ruɗewa. Abin da ke fita daga nan ƙarfi ne na motsa lasifika, kuma idan aka tura shi cikin fedal zai ƙone ta. Haka nan amfilifaya mai bawul, irin kwalaben da ke haske a cikin tsohon rediyo, ba a kaɗa ta ba tare da lasifika a jone ba, domin taransifomarta na iya ƙonewa, gyaranta kuma da tsada. A duba lambar da ke jikin lasifika, om (ma'aunin juriyar lantarki) 4 ko 8 ko 16, ta dace da wadda ke jikin ramin.

Wani lokaci an jona komai daidai amma sautin yana fashewa. Sau da yawa Send ne yake fitar da sautin da ya fi ƙarfin fedal. Idan akwai ɗan makunni mai lamba +4 da -10 kusa da ramin, a mayar da shi -10.

Matsalar da ta fi damun masu amfilifaya biyu ita ce ƙugi, wani sauti mai kauri da ba ya yankewa ko an daina kiɗa. Yana faruwa ne saboda na'urorin biyu sun haɗu ta wayar sauti, sun kuma haɗu ta wayar ƙasa ta lantarki, sai wutar da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, kamar yadda take a Najeriya da Nijar, ta sami hanyar kutsawa cikin sauti. Matakin farko shi ne a jona amfilifayoyin biyu a soket ɗaya. Idan ƙugin bai tafi ba, a sa ƙaramar taransifoma mai raba sauti a kan wayar da ke zuwa amfilifaya ta biyu. Abin da ba a yi ko kusa shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogin lantarki, wato ta wayar ƙasa. Na taɓa halartar wani biki inda aka yi haka don kashe ƙugi, ana aiki da janareta. Mawaƙin yana riƙe da tsirkiyoyin jita, leɓensa ya taɓa makirfo, sai muka ga ya yi baya da ƙarfi yana dafe da baki. Allah ya taƙaita, amma da ƙasar wurin tana da danshi, da labarin ya sha bamban.

Saura gwajin kunne. A kashe fedal, a kaɗa tsirkiya mafi kauri da amfilifaya ɗaya, sannan a kunna ta biyu. Sauti ya kamata ya ƙara cika. Idan ya rame, to lasifikar ɗaya tana turawa gaba ne a daidai lokacin da ɗayar ke ja baya, suna cinye juna. A kashe wuta, a musanya wayoyi biyun da ke bayan lasifika ɗaya, a sake gwadawa.

A shekarar 1975 kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fito da amfilifaya JC-120, mai lasifika biyu masu inci 12, kowace da nata sashen ƙarfi na wat 60. Idan aka kunna Chorus ɗinta, lasifika ɗaya tana fitar da tsantsar sauti, ɗayar tana fitar da wanda aka girgiza, sai su haɗu a iska. A ganina wannan dabara ta fi dacewa da filin biki, irin wanda makaɗan jita na Agadas ke wasa a ciki, inda jama'a ke kewaye makaɗa maimakon su zauna a tsakiya: tsantsar sauti ba ta ɓacewa, kuma idan aka ajiye amfilifayoyin kusa da juna kowa zai ji duka biyun.

Aikin gida: kowa ya zana akwati uku, wato amfilifaya biyu da fedal, da jita a takarda, ya ja layukan wayoyi huɗu, ya rubuta sunan ramin da kowace waya ta fito da wanda ta shiga, ya kawo a duba kafin ya taɓa soket.