Babi na Shida: A Wane Banki Zan Ajiye Kuɗina?

Darasi na 1

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello ko na Yakubu Gowon a nan Kaduna ya ga bankuna a jere. Idan karanta sunan ya yi muku wuya, ku fara da alama. Mai giwa shi ne First Bank, kakan bankunan ƙasar nan, tun 1894. Mai doki Union Bank ne. UBA ja ne, GTBank ruwan lemo, Zenith yana da babban harafin Z. Akwai Access. Akwai kuma Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Ya fara aiki a 2012, kuma Kaduna na cikin garuruwa uku da ya fara buɗe reshe.

Dukkansu Babban Bankin Najeriya ne ke sa musu ido. Idan banki ya durƙushe, hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki za ta biya mai ajiya har naira miliyan 5. Don haka kada tsawon bene ya ruɗe ku. Ku duba wanda ya fi kusa. Mutumin Rigasa ko Kawo ya lissafa kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa. Sannan ku tambayi ma'aikaci: "Nawa kuke cirewa na alat? Nawa ne kati?" Ku tambaya a banki biyu kafin ku cike fom. Ba abin kunya ba ne, kuɗinku ne.

Darasi na 2

A nan ne aka fi tuntuɓe, sai mu tafi a hankali. Lambobi uku ne.

Lambar asusu guda 10 ce. Ku ɗaga hannu biyu, yatsa ɗaya lamba ɗaya. Idan yatsu suka ƙare, lamba ma ta ƙare, to lambar asusu ce. Ita ake ba wanda zai turo muku kuɗi. Kowane banki da tasa.

BVN, wato lambar tantance mai asusu a banki, guda 11 ce. Yatsu sun ƙare, saura lamba ɗaya? BVN ce ke nan. Ɗaya tak mutum yake da ita, ko bankinsa nawa ne. Wanda ya buɗe asusu a UBA ya koma Jaiz, BVN ɗinsa ba ta canja ba.

Lambar sirri ta kati guda 4 ce. Wannan ba a faɗa wa kowa. Ko mai POS, ku danna da hannunku.

Mu sake. Goma ta asusu, a ba mai turo kuɗi. Sha ɗaya BVN, sai a cikin banki. Huɗu a zuci. Hajiya, ƙirga da yatsa, ba laifi. Baba, kada ka yi sauri, ɗora yatsa a kan kowace lamba. Yawwa, haka ake yi. A sake ƙirgawa: goma, sha ɗaya, huɗu.

Amma zan faɗi gaskiya, raina ya ɓaci a makon jiya. Sau nawa muka maimaita wannan a aji? Duk da haka wani dattijo a cikinmu ya karanta wa baƙon murya lambobin katinsa a waya, don an ce masa daga banki ne, za a rufe asusu. Kuɗin awakinsa suka tafi. Haba jama'a! Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. A kashe wayar. Kuma na ga wasu sun rubuta ta a bayan kati. A goge yau ɗin nan. Goma a bayar, huɗu a ɓoye.

Darasi na 3

Ƙaramar waya ma tana aikin banki ba tare da intanet ba, idan kun danna lambar bankinku. First Bank *894#, GTBank *737#, UBA *919#, Zenith *966#, Access *901#. Da layin da kuka ba banki za ku danna. Kafin ku tura kuɗi, ku karanta sunan da ya fito.

Darasi na 4

Ku rubuta sunayen bankuna biyu mafi kusa da gidanku. Ku kwafi lambar asusunku a ƙasa, ku ƙirga ta. A kawo ranar Asabar.