Yadda ake zana fosta da tawadar allo da fentin ruwa

Abin da ke riƙe baƙi a cikin tawadar da almajirai suke rubutu da ita a makarantun allo na Damagaram shi ne ƙaro, kuma ƙaron nan ne masana'antu suke haɗa fentin ruwa da shi. Saboda haka tawadar da fentin suna zama lafiya a kan takarda ɗaya, amma dukansu suna narkewa da zarar ruwa ya taɓa su, kamar yadda ake wanke allo bayan an biya karatu. Wanda ya riƙe wannan ya san tsarin aikin: launi ne ke fara hawa takarda, tawada ta zo daga ƙarshe.

A fara da ƙaro. A tsince ɓawo da tsakuwa, a daka shi, a jiƙa awo ɗaya cikin awo biyu na ruwan ɗumi, a bar shi ya kwana, sannan a tace da ƙyalle. A niƙa gawayi mai laushi ko kunkunniyar tukunya har sai an daina jin tsakuwa tsakanin yatsu, a riƙa zuba ruwan ƙaron kaɗan kaɗan ana damawa. Gwajin yana da sauƙi: a ja layi a kan guntun takarda, idan ya bushe a goga yatsa. In baƙin ya tashi, ƙaro bai isa ba; in layin ya yi ƙyalli yana tsattsagewa, ƙaro ya yi yawa.

Takarda ita ce inda bai kamata a yi rowa ba. Takardar littafin makaranta tana kumbura ta lanƙwashe, don haka a nemi takardar zane mai kauri irin ta kamfanin Canson, mai nauyin giram 300 in ta samu, girman A3, wato santimita 29.7 a 42. A manne gefunanta huɗu a kan katako mai santsi. Da fensir, a zana wurin kan magana, da wurin rana da lokaci, da wurin hoto, ba tare da dannawa ba. A ganina fosta ba ta ɗaukar fiye da magana ɗaya babba, domin mai wucewa a kan babur ta bakin kasuwar Dole ta Damagaram ba zai tsaya karanta layi goma ba.

Sai shafa launi, kuma nan ne iskar garinmu take ba da wahala. A lokacin hunturu ko bazara fenti yana bushewa kafin buroshi ya kai ɗaya gefen, sai ya bar tabon layi a tsakiya. Maganin shi ne a yi aikin da sassafe a cikin ɗaki, a dama launin da zai wadatar tun kafin a fara, a ɗan jingina katakon, a shafa daga sama zuwa ƙasa ba tare da komawa kan wurin da ya fara shanyewa ba. Mai haske ne ke fara shiga, mai duhu ya biyo baya idan na farko ya bushe sarai, kuma duk inda ake son fari sai a bar takardar yadda take. Wanda ba ya da fentin kanti yana iya tafasa karan dafi da ɗan kanwa, irin wanda dukawa suke rina fata da shi, ya samu ja, ko ya dama gangamau ya samu rawaya, ya ƙara musu ruwan ƙaro. Sai dai gangamau yana saurin kodewa a rana, shi ya sa ya fi dacewa da sanarwar da za ta yi ƴan kwanaki a bango.

Idan launin ya bushe har takardar ta daina sanyi a bayan hannu, a fere alƙalamin kara mai faɗin baki don manyan haruffa, da wani siriri don ƙanana. A fara daga saman takarda, a ɗora wata takardar ƙarƙashin hannu saboda gumi. Adon gefe ba sai an nemo shi daga nesa ba, tunda zanen da ke jikin tsofaffin gidajen unguwar Birni ta Damagaram da zayyanar allon sauka sun ishi mai zane, amma a taƙaita shi kada ya danne rubutun.

Akwai mai son ya fara da layi sannan ya zuba launi a kai. Wannan sai ya koma ga tawadar bagaruwa, wadda ake jiƙa kwanson a haɗa da tsohon ƙarfe: tana fitowa da haske, iska ta sa ta yi baƙi, kuma ba ta wankuwa da sauƙi. Aibinta shi ne ƙarfen da ke cikinta yana duhunta launukan tsirrai inda suka haɗu.

Kafin a goge fensir a jingina fostar a bango, a ja da baya taku goma a karanta. In za a kai ta wurin fotokwafi marar launi, a tuna cewa rawaya da shuɗi mai haske kusan ɓacewa suke yi, saboda haka rana da wurin taro su kasance da baƙar tawada.