Yadda za ku ɗauki kilip ɗin waƙa na aikin makaranta a waje

Duk shekara in ana shirin bikin matasa na 11 ga Fabrairu a Kamaru sai ka ga 'yan lise, wato 'yan sakandare, sun bazu cikin gari da wayoyi, wannan kulob na wasan kwaikwayo wancan na kilip ɗin waƙa, kuma mafi yawansu abu ɗaya ke kayar da su, ba sa taka wurin da za su yi ɗauka sai ranar ɗaukar. Bara malamin su ƙanwata ya ba su aikin kilip na minti 3 a kan tsabtar unguwa, su bakwai ne, ni na raka su nan Garwa tun farko har aka miƙa aikin, to ƙannena abin da idona ya gani zan faɗa muku.

Ku gama waƙar tukuna, kar ma ku taɓa kamera. A wurin ɗauka ba murya ake ɗauka ba, hoto ne kawai, waƙar da kuka riga kuka naɗa ita za ku kunna a bafil, wato lasifika, mai waƙa yana bin ta da baki. In kuna da 'yan kuɗi ku shiga situdiyo, in babu ku sami ɗaki mai katifa da labule ku kashe fanka ku naɗa da waya, zai yi. Abin da nake so ku riƙe shi ne ku sa tafi huɗu a farkon waƙar kafin kiɗa ya shigo, tas tas tas tas, a cikin fayil ɗin kansa, duk ɗaukar da kuka yi wayar za ta ji wannan tafin kuma da shi za ku daidaita baki da murya ranar montaj, wato ranar yanka hotunan da haɗa su da waƙar. Waƙar kuma ta zama taku, ko da kalangu ɗaya ne da tafi, don in kuka ɗora ta wani mawaƙi YouTube ko Facebook na iya toshe sautin, ga shi malami ma naku yake son gani.

Sai wuri, nan ne aikin yake wallahi. Mutum biyu su je kwana uku ko huɗu kafin ranar, kuma a daidai lokacin da kuke niyyar ɗauka, in ƙarfe biyar za ku yi to ƙarfe biyar za ku je, ku tsaya ku ga ta ina rana take, su wa ke zama a wurin a wannan lokacin, ina inuwar da za a ajiye kaya, akwai injin niƙa ko garejin babura kusa da zai danne bafil ɗinku, ku ɗauki hotuna ku turo wa sauran. Su ƙanwata ba su yi haka ba, ranar Laraba da aka tashi da wuri suka ɗebi kaya sai yashin bakin Binuwai ƙarfe ɗaya na rana, yashin nan fari fat yana mayar da haske, fuskokinsu suka fito baƙi ƙirin idanu a runtse, kafin su gama baiti na biyu wayar ta ɗau zafi ta rufe kamera da kanta. Kuɗin kilando, wato babur ɗin haya, na mutum bakwai zuwa da dawowa ya tafi a banza, wata har da kuka.

Rana a nan wajen shida take fitowa wajen shida take faɗuwa, hasken da ke yi wa fata kyau daga fitowarta ne zuwa takwas, sai kuma bayan la'asar daga huɗu da rabi zuwa gab da magariba, kun ga abin da kuke da shi bai wuce awa biyu ba kowane gefe, shi ya sa ba a zuwa can a fara gardamar wa zai tsaya ina. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Marwa yana wuce digiri 40, ku zaɓi safiya. Lokacin hunturu kuma hazo yana tausasa haske amma ƙura na hawa gilashin kamera, ku riƙa gogewa da ƙyalle mai laushi kafin kowace ɗauka.

Kuma fa babu wurin da ba shi da masu shi. Ku karɓi takarda daga shugaban makaranta mai hatimi da sunayenku da abin da za ku yi, ku kai wa jauro ko mai unguwa ku gaishe shi, in kasuwa ce ku nemi shugabannin kasuwar, in ƙofar fadar lamiɗo kuke so sai an yi muku iso an ba ku izini. Da muka koma bakin kogi rana ta biyu akwai wata dattijuwa tana shanya wanki a kan yashi daidai inda muke so, na sa ƙanwata ta je ta durƙusa ta ce Inna sannu da aiki, aikin makaranta aka ba mu, za ki yarda mu ɗauka a nan, ba za mu sa fuskarki ba. Ta ce to 'yata, ku dai kar ku taka min zannuwa, har ta ja kwandonta gefe. Da kunna bafil kawai suka yi a kanta da labarin ya bambanta. Barikin soja, shingen jandarma, filin jirgi, gine-ginen gwamnati, waɗannan kar kamera ta kalle su ko a bayanku ne, gada ma ku tambayi jami'an da ke wurin kafin ku ɗaga waya. An kira sallah ku kashe bafil. 'Yan matan da ke ciki kowace ta sanar a gida, a faɗa wa iyaye ƙarara in za a sa bidiyon a intanet, wadda aka hana kar a matsa mata, ta riƙe takardar tsari ko ta yi montaj.

Maganar lafiya ba wasa, Binuwai akwai dorina, ba mai shiga ruwa don hoto ya yi kyau. 'Yan Marwa masu son yashin kogin Mayo Kaliyawo, da rani ne wannan, da damina kogin kan kawo ruwa ba zato ko da a inda kuke ba a yi ruwan sama ba. Dutsen Mindif da duwatsun Rumsiki suna da kyau ba ƙarya, amma tafiya irin wannan sai da malami da yardar iyaye da tambayar halin tsaron hanya, layin dogon yaro na unguwarku ma ya ishe ku kilip mai kyau.

Ranar ɗauka ku raba aiki, mai kamera, mai bafil, mai riƙe takarda yana soke abin da aka gama, mai tsaron kaya da ruwan sha. Waya ɗaya za ta yi dukan ɗaukar, wadda ta fi kyan kamera, in kun gauraya Tecno da Samsung launin ba zai zo ɗaya ba. A cika ta da caji tun dare saboda ɗauke wuta, a zo da pawabank, a share mata wuri, minti ɗaya na bidiyo a ingancin 1080p yakan ci sama da mega 100, 4K kuwa ninki uku ko fiye kuma shi ke saurin zafafa waya, ku bar shi. A sa ta a yanayin jirgi kar kira ya yanke ɗauka. A kwance za ku riƙe ta in a allo ko majigi za a nuna, ku manne gwiwar hannu a haƙarƙari, kar ku yi zum, ku taka ku matsa. Ku danna yatsa a kan fuskar mai waƙa ku riƙe har haske ya kulle, in ba haka ba wayar za ta bi hasken sama ta bar fuska cikin duhu. Farin kwali babba wani ya riƙe daga gefe yana mayar da haske kan fuska, za ku sha mamakin bambancin.

Bafil ya zauna kusa da mai waƙa, sauti na tafiyar kusan mita 340 ne a daƙiƙa, in kun ajiye shi can nesa bakin zai riƙa makara. Kuma ya rera da ƙarfi da gaske, mai motsa leɓe kawai ana gane shi, jijiyar wuya ba ta tashi. Ku ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe sau uku aƙalla, ɗaya daga nesa ana ganin kowa da wurin, ɗaya daga ƙugu zuwa sama, ɗaya fuska kawai, sannan ku tara ƙananan hotuna na daƙiƙa goma goma, hannu a kan kalangu, ƙafa tana tashin ƙura, tsintsiya, kwalekwale yana wucewa, da su ake rufe duk inda baki ya kuskure. In aikin zai kai gobe kowa ya dawo da kayan da ya sa yau har ɗankwali.

Kuna komawa gida ku kwafe komai a waya ta biyu ko kwamfuta a daren, da kebul ko Xender, in ta WhatsApp ne a tura a matsayin dokima don turawar bidiyo kai tsaye na rage masa kyau. A CapCut, manhajar yin montaj, ku fara shimfiɗa waƙar, ku ɗora kowace ɗauka ku ja ta har tafinta huɗu ya hau kan na waƙar, ku kashe sautin bidiyon, sai ku riƙa yankawa a kan bugun kiɗa, ku rage walƙiya da juye juyen nan. A ƙarshe ku rubuta sunan kowa da aikinsa da godiya ga mai unguwa, ku fitar a 1080p, ku gwada shi a kan na'urar da za a nuna shi a makaranta kwana biyu kafin ranar miƙawa.